Littafin Taicin Baffa Hudu

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da tsofaffin littattafai a bakin Kasuwar Gombe, kuma babu sana'ar da mutane suka raina kamar tawa. Gani suke yi shimfiɗa leda kawai nake yi in jera takardu in zauna ina korar ƙuda. Ba su san cewa zaɓar wa mutum littafi tamkar zaɓar masa takalmi ne ba, in ka ba shi wanda ya fi ƙarfin ƙafarsa ajiyewa zai yi ya ci gaba da tafiyarsa haka nan. Ni Rufa'i ina alfahari da cewa ban cika yin kuskure a wannan fanni ba. Sau ɗaya na tafka babba, kuma a kan mutumin da na fi ganin girmansa a kasuwar nan, wato Baffa Hudu ɗan dako.

Baffa Hudu ya ba hamsin da biyar baya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, bayan wuyansa duk ya yi kanta saboda buhu. Mahaifinsa daga wajen Katsina ya zo fatauci ya zauna a Tudun Wada, a nan aka haife shi. Bai taɓa shiga ajin boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha shida, kuma har gobe in zai aika saƙo da ajami yake rubutawa, rubutu mai tsabta da za ka so ka ajiye. Shekara talatin da huɗu yana dako. Shi yake sauke mini kwalayen littattafai idan sun iso daga Legas, kuma bai taɓa jefar da kwali a ƙasa ba kamar yadda samarin yanzu suke yi. Yakan ce takarda ce, ba ka san abin da aka rubuta a ciki ba.

Sa'o'insa kuwa ba Hudu kawai suke ce masa ba, Hudu Chana suke kiransa. Wai lokacin samartakarsa ba a haska fim ɗin Chana a gidan silima ba tare da shi a bencin gaba ba. In an tashi, tun daga ƙofa yake fara shurin iska har gida, kuma an ce akwai ranar sallar da ya ɗaga ƙafa wandonsa sabo fil ya tsage gida biyu a gaban 'yan mata. In aka tayar da wannan labari yakan ɗaure fuska ya ce ƙarya ce, ba a gaban 'yan mata ba ne.

A ruwan farko na bara tsautsayi ya same shi. Yana hawa falankin da ake jinginawa jikin babbar mota da buhun sukari a bayansa, katakon ya jiƙe, ƙafa ta zame. Ƙugu da gwiwar hagu suka bugu. Wata biyu ya yi a kwance a ɗan gidan da ya gina a Tumfure, can inda gidaje suke tsirowa a tsakiyar gonakin masara. Da ya miƙe, ƙashi ya warke, amma ƙafar hagun ta daina yi masa biyayya. Yana cikin tafiya sai ka ga ya yi tangaɗi ya dafa bango.

A haka ya dawo kasuwa neman aikinsa. Sarkin 'yan dakon layinmu, Aƙilu, a hannun Baffa Hudu ya koyi ɗaukar buhu, saboda haka maganar ta yi masa nauyi ƙwarai. A gabana aka yi ta.

"Hamma Hudu, wallahi ba zan sa ka a layi a haka ba," in ji Aƙilu, yana kallon ƙasa. "In ka sake faɗuwa me zan gaya wa matarka Adda Asta? Ka je ka huta har sabon wake ya shigo. Ranar da za a yi lodin farko, ka hau falanki da buhu ɗaya. In ka kai lafiya, layinka na nan. In ka yi tangaɗi, ka miƙo rigar ƙungiya, mu rabu da mutunci."

Baffa Hudu bai yi musu ba, don dokar tasu ce, kuma yana cikin waɗanda suka kafa ta. Sai da Aƙilu ya tafi ya zauna a bencina ya ce, "Rufa'i, in na bar kasuwar nan me zan yi? In zauna a gida ina gadin kajin Asta?" Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba, kuma raina ya ɓaci sosai.

Bayan kwana tara sai ga shi ya diro daga keke mai ƙafa uku a gaban rumfata, fuska a washe, sanda a hannu amma ya manta da amfaninta, nuni kawai yake yi da ita.

"Rufa'i! Fito da littattafan Chana! Duk wanda kake da shi, fito da shi!"

Ashe daga asibiti yake. Wadda take yi masa gashin ƙashi, wata 'yar Billiri mai suna Jennifer, ita ta gaya masa akwai wani motsa jiki na mutanen Chana da ake kira taici. Ta ce asalinsa salon faɗa ne, amma a hankali ake yin sa, tsofaffi ma suna yi don ƙafarsu ta tsaya. Ta nuna masa a wayarta. Baffa Hudu ya ce da ya ji kalmar Chana sai ya ji kamar an mayar masa da shekara talatin.

"To Baffa, ai da ka sa an tura maka bidiyon," na ce.

"A wace wayar? Wannan mai tocilar? Kuma mutumin cikin wayar ba ya jira. Kafin in ɗaga hannu ya kai ƙofa. Littafi kuwa inda ka bar shi nan za ka same shi."

Wannan magana ta yi mini daɗi har cikin raina, don rabon da wani ya yabi littafi a gabana har na manta. Na shiga ƙarƙashin tebur na jawo wani kwali da ya shekara uku ba wanda ya taɓa shi sai 'yan sakandare masu leƙen hoto. Na kaɗe ƙura na jera masa guda huɗu.

Kafin in buɗe baki ya cafke na farko. Mai kalar hoto ne, cike da wasu ƙarti masu aski ƙwal da jajayen riguna, wannan yana tashi sama, wancan yana fasa bulo da goshi.

"Wannan! Wallahi irinsu ne! Rufa'i, ka ga wannan shurin? Na iya shi da!"

"Baffa, ajiye."

"Me ya sa?"

"Don ka iya shi da. Yanzu in ka gwada, sai dai mu ɗauko ka a baro."

Ya harare ni, amma ya ajiye, yana shafa bangon kamar mai sallama da aboki. Na biyu na takobi ne, shi ma na janye shi tun kafin idonsa ya gama sauka a kai. Na ce masa Goggo Asta ba ta yi mini laifin komai ba da zan tura mata miji gida yana wulwula taɓarya a tsakar gida. Na uku kuwa ƙato ne mai kauri, rubutun Turanci ne zalla a kan numfashi da hikimomin magabata, hoto bai fi shida ba. Shi Baffa ya ɗan so shi saboda nauyinsa, wai littafi mai nauyi ba ya rasa ilimi. Na ce haka ne, amma wannan na wanda ya riga ya iya ne yake son ya yi surutu a kai.

Ina da ƙa'idata a kan littafin ɗan koyo, ko na ɗinki ne ko na gyaran rediyo. Kada ya yi yawa. Hoto ya fi rubutu. Kuma wanda yake nunawa a ciki ya zama mutum ne da mai koyo zai kalla ya ce, ai ni ma zan iya. Na huɗun ya cika duka. Siriri ne mai faɗi, kowane shafi jeri ɗaya ne na hotuna huɗu, baƙi da fari. Wani tsoho ne a ciki mai sanƙo da ɗan tumbi, sanye da takalmin yadi, kuma a kowane hoto ana ganin ƙafafunsa sarai, wadda take ɗauke da nauyi da wadda take hutawa. Abin da Baffa Hudu yake bukata ke nan, ƙafa. Aibinsa ɗaya, bangon gaba da na baya duk sun cire tun a hanya.

Baffa ya juya shi yana taɓe baki. "Wannan tsohon? Ai ko akuya ba zai iya kayarwa ba."

"Ba akuya za ka kayar ba, Baffa. Falanki za ka hau."

Ya ƙura wa tsohon ido. Can ya ce, "Ya yi kama da wani mai shayi da na sani a Tudun Wada. To, ba ni shi."

Na ce ya bari sai gobe. A ranar na yanko kwali mai kauri na yi masa bango gaba da baya, na ɗinke da zaren buhu, na shafe da gam. Aiki ya yi kyau, har ina yaba kaina. Ban rubuta komai a bangon ba, don me zan rubuta wa wanda ba ya karanta boko? Da na miƙa masa na yi masa huɗuba irin ta masana: ya fara daga farko, ya bi a hankali, kada ya tsallake hoto ko ɗaya. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a cikin riga.

Daga nan Tumfure ta ga abin kallo. Kullum bayan sallar asuba Baffa Hudu zai fita wani fili da ba a gina ba a bayan gidansa, ya jingina littafin a kan bulo, ya danne da dutse, ya fara. Goggo Asta ta gaya mini da bakinta cewa ranar farko da ta leƙa ta ga mijinta a tsakiyar masara yana shafa iska a hankali, gwiwa a lanƙwashe, sai da ta yi salati ta koma ɗaki neman turaren hayaƙi. Maƙwabta suka yi ta zuwa yi mata jaje a kaikaice. Bayan mako biyu suka gaji, har masu tafiya gona suna yi masa sannu da aiki.

Duk Juma'a sai ya shiga keke ya yi doguwar tafiyar nan zuwa kasuwa don ya ba ni rahoto. Tunda ba ya karanta sunayen da ke ƙarƙashin hotunan, sai ya raɗa musu nasa. Akwai rufe ƙofar shago, akwai miƙa wa liman tabarma, akwai zakara a kan garu, wanda ake tsayawa da ƙafa ɗaya. A nan gaban rumfata yake nuna mini, masu wucewa suna kauce masa, shi ko a jikinsa. A wata na biyu ya bar sandar a gida. A na uku ya fara yi da rabin buhun yashi a kafaɗa, abin da na tabbata tsohon littafin bai taɓa mafarkinsa ba. Ni kuwa ina ta hura hanci, duk wanda ya tsaya sai na gaya masa ni na zaɓi littafin.

Ƙorafinsa ɗaya ne. "Rufa'i, wannan tsoho naka matsoraci ne. Kullum baya yake ja. Sau ɗaya kawai na ga ya yi gaba, shi ma taku huɗu."

Na gyara zama na yi masa bayani mai tsawo cewa ai hikimar mutanen Chana ke nan, ja da baya don abokin gaba ya gaji. Ban san inda na samo wannan ba. Ban taɓa bin littafin shafi bayan shafi ba, amma na faɗa da irin muryar da ba a musu da ita, shi kuma ya gyaɗa kai ya ce lallai mutanen nan suna da wayo.

Saura mako uku sabon wake ya shigo ya ce lallai in raka shi asibiti, zai nuna wa Jennifer abin gaba ɗaya, kuma yana so ni malaminsa in shaida. Na rufe rumfa na bi shi, har da sa sabuwar hula. Jennifer ta ture kujeru ta ba shi fili. Ya tsaya, ya sauke hannu, ya ja numfashi, ya fara. Wallahi ya yi kyau. Jikinsa yana tafiya sumul, ba gargada, ba tangaɗi. Ina ta murmushi ina satar kallon Jennifer don in ga ta yaba, sai na ga ta karkata kai tana haɗa gira.

Da ya gama ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari sosai. Amma akwai abin da ban gane ba. Ina littafin? Buɗe mini inda ka fara."

Ya ciro shi daga riga, ya ce bismillah, ya ɗora a tafin hannu, ya buɗe ta dama, yadda yake buɗe Alƙur'aninsa tun yana yaro. Ya ɗora yatsa a kan hoton da ke gefen dama ya fara janyo shi zuwa hagu.

Jennifer ta toshe baki da hannu, ta yi iya ƙoƙarinta, amma dariyar ta ƙwace har sai da ta dafa gado.

"Baba! Daga ƙarshe ka faro! Baya da baya ka koye shi, tun daga shafin ƙarshe har na farko!"

Na karɓi littafin na duba. Hoton farko, tsoho a tsaye, hannu a sauke. Hoton ƙarshe, tsoho a tsaye, hannu a sauke. Iri ɗaya sak. Hotunan ba su da lamba, bangon kuma ni na mayar da shi kwali fari gaba da baya. Duk inda tsohon ya taka gaba, Baffa Hudu baya ya taka. Wata huɗu cur.

Baffa bai yi dariya ba. Ya zauna a bakin gadon a hankali, ya dubi littafin, ya dubi ƙafarsa.

"Ke nan duk a banza?" ya ce. "'Yata, gaya mini gaskiya. Saura mako uku."

Nan take dariyar Jennifer ta ɗauke. Ta ce ya tashi ya tsaya da ƙafar hagu kaɗai, ta duba agogon wayarta. Ranar da ya fara zuwa wajenta, in ji ta, ko ƙirga uku ba a yi yake dafa bango. Ta ƙirga ashirin, ta ƙirga talatin, ta wuce arba'in, Baffa yana nan tsaye yana kallon taga. Ita ta gaji ta ce ya sauke.

"Ban san abin da 'yan Chana za su ce ba, Baba," ta ce, "amma ƙafar nan ta ji aiki. Falanki da cikakken buhu kuwa ba zan yi maka alkawari ba. Wannan sai ranar."

Muka shiga keke muka kama hanyar komawa. Kunya kamar in nutse. Daga baya na ce, "Baffa, ka yafe ni. Na ɗauka kowa ya san ta hagu ake buɗewa."

"Na san rubutun boko ta hagu yake tafiya," ya ce. "Amma ni ba rubutun nake karantawa ba, hoto nake kallo. Hannuna kuma ta dama ya saba. Kai ma da kake ce mini hikimar Chana ce, a wane shafi ka gani?"

Mai keken ma sai da ya waigo. Na ce zan riƙa zuwa Tumfure kullum mu sake bi daga farkon gaskiya. Ya gwada kwana biyu, ƙafafunsa suka rikice, ya kusa faɗawa kan bulo. Sai ya aiko mini cewa in yi zamana, shi da tsohon sun riga sun saba a haka.

Ranar lodin farko, da hantsi, babbar mota ta ja ta tsaya a bakin layinmu, aka jingina falanki. Labari ya riga ya zaga, har masu shaguna sun fito. Aƙilu ya duba katakon sau uku, ya share shi da hularsa, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Hamma, ko a rage buhun? Ba wanda zai ce komai."

"Ni na taɓa rage maka?" in ji Baffa Hudu.

Mutum biyu suka ɗaga buhun wake suka ɗora masa. Ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, ya ja numfashi, ya tsaya kamar ba shi da niyyar tafiya. Samarin 'yan dako suka fara ihu, "Chana! Sai Chana!" Ya miƙa ƙafa ya ɗora a kan falankin, bai saki nauyinsa a kai ba sai da ya ji ta zauna, sannan ya bi ta. Ya sake miƙa ɗayar. A hankali ƙwarai, har wani ya ce a haka sai la'asar. Ni dai na riƙe gefen teburina.

A tsakiya, inda katakon yake lanƙwasawa, ƙafar hagu ta ɗauki rawa. Kowa ya gani. Ihun ya mutu. Aƙilu ya yi taku biyu da hannu a miƙe. A irin wannan wuri ɗan dako yakan yi sauri ya ƙarasa, kuma a nan ake faɗuwa. Baffa Hudu bai yi sauri ba. Sai ya zare ƙafar ya mayar da ita baya, taku ɗaya cikakke, da buhu a bayansa, a kan katakon da faɗinsa bai fi tafin hannu biyu ba, ba tare da ya waiga ba. Ya zauna a kan ƙafar dama, buhun bai ko girgiza ba. Ya numfasa. Sannan ya sake miƙa ta gaba, ta zauna daram, ya bi ta, ya ƙara, ya ƙara, sai ga shi a cikin mota.

Kasuwa ta kaure. Ni da nake ganin kaina dattijo na tsinci kaina ina tsalle ina buga tebur, littattafai suna zubewa ƙasa. Aƙilu ya cire hula ya jefa sama yana kabbara. Wata mai sayar da manja ta rangaɗa guɗa.

Mai jera kaya a cikin motar ya miƙo hannu ya ce, "Sauke, Baffa, sauke nan."

Baffa Hudu bai sauke ba. Yana nan tsaye a bakin motar, a sunkuye ƙarƙashin buhun, hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan katako.

"Ku ɗan bar mini shi tukuna," ya ce. "Wata bakwai bayana bai ji nauyin cikakken buhu ba."

Direba ya fara danna hon don lodi ya tsaya. Aƙilu ya ɗaga masa hannu ya ce ya jira.